Saƙonnin da Nuriyya Ba Ta Rubuta Ba

A cikin jirgin ƙasa mai lamba bakwai ta fara jin muryarsa, wata ranar Talata a ƙarshen Agusta, wajen sha ɗaya na safe.

Nuriyya na tsaye riƙe da ƙarfe, za ta asibitin da take koyon aikin nas a unguwar Flushing. Jirgin ya cika da masu zuwa kallon babbar gasar tanis ta shekara, kowa da hular rana da gorar ruwa. Wani Bature da ke zaune a gabanta ya ƙure ƙarar wayarsa yana kallon wasa, ƙwallo na zuwa tana dawowa, ƙwas, ƙwas.

Sai ta ji wani a bayanta ya ce da Hausa, a hankali, kamar mai magana da kansa, "Allah sarki. Mai jan ƙyallen nan ba zai ƙarasa wasan ba."

Ta waiga. Wani siririn saurayi ne baƙi, rataye da doguwar jaka wadda hannayen raket, abin buga ƙwallon tanis, suka leƙo ta bakinta. Ba ma wayar yake kallo ba. Idanunsa a lumshe suke, ya ɗan karkata kai gefe guda.

Ta leƙa wayar Baturen. Mai jan ƙyalle a goshi shi ke kan gaba, yana tsalle kamar ba ya jin komai a jikinsa.

Suka wuce tasha uku. Kafin ta huɗu Baturen ya zabura yana zage-zage. Ɗan wasan ya ajiye raket, ya dafe gwiwar hannunsa, ya nufi alƙali yana girgiza kai. Wasa ya ƙare ke nan.

Tsigar jikinta ta tashi, duk da zafin da ake yi. Ba ta san lokacin da bakinta ya ce, "Kai boka ne?" ba.

Ya buɗe ido a firgice, sannan ya yi dariya har ya sunkuyar da kai. Ya ce sunansa Tamimu, ɗan Zangon Kumasi, kuma bokancinsa bai wuce ɗaura wa raket zare a wani shagon kayan wasa a Queens ba. Ya ce tun yana ƙarami yake wannan aiki, har kunnensa ya saba. Idan ɗan wasa ya canza raket a tsakiyar wasa ya ɗauko mai sassaucin zare, ƙarar ƙwallon takan canza, kuma ba mai yin haka yana kan gaba sai wanda hannunsa ke masa ciwo yana ɓoyewa.

Ya zaro raket ɗaya ya buga a tafin hannunsa kusa da kunnenta, ya zaro wata ya buga. Ita dai ba ta ji bambanci ba. Abin da ta lura da shi kawai shi ne jirgin ya tsaya a tashar filin wasa, mutane sun juye, shi kuwa bai sauka ba. Sai da ya raka ta tashar ƙarshe, sannan ya tuna tashar baya aka aike shi.

Daga nan aka fara.

Suka ƙirƙiro wani ɗan wasa tsakaninsu. Duk lokacin da ake gasar maza a ko'ina a duniya, Tamimu zai kalli ɗan abin da ya samu a talabijin ɗin shagonsu, ya turo mata hasashensa da murya. Idan ya canka, za ta amsa masa tambaya ɗaya tsakani da Allah. Idan ya faɗi, shi zai amsa. A wata shida sau biyar kawai ta samu ta yi tambaya. Shi kuwa ya san launin da take so, da sunan kakarta ta Fagge, da cewa tana tsoron lifta, da cewa ba ta taɓa son kowa ba kafin shi.

"Fitilata, na canka. Tambayar yau: kin ci abinci ko kin sake tsayawa kan biskit ɗin asibiti?"

"Ɓata tambayarka ka yi, Ɗan Kumasi. Na ci. Umma ta cusa min dambu a jaka."

"Ban ɓata ba. Ita ce ta fi damuna."

Hausarsa ta Zango takan ba ta dariya, musamman in ya manta ya kira ta da "kai". Shi kuma ya ce ita Bakanuwar Bronx ce, rabin maganarta Turanci ne da ɗankwali.

Umma ce ta fara ganewa, kamar yadda uwa kan gane. Hajiya Zuweira ba ta yi faɗa ba. Ta zaunar da ita a kicin ɗin gidansu na unguwar Mount Hope a Bronx, ta tambaye ta ko yana salla, wa ya san shi, a ina yake kwana, me yake ci da shi. Sannan ta ce ba ta son soyayyar waya, ya zo gida a gan shi.

Ya zo da kawunsa, wani dattijon direba daga unguwar Jamaica ta Queens. Alhaji Tsoho, mahaifin Nuriyya, ya karɓe su da mutunci amma fuskarsa ba ta saki ba. Ma'aikacin ɗakin gwaji ne a asibiti, mutum ne da ba ya yarda da abu sai ya gani da idonsa. Da ya ji sana'ar Tamimu sai ya ƙara ɗaure fuska. Duk gidan an san dalili. Ƙaninsa ɗaya tilo caca ce ta cinye shi a wannan gari, ta raba shi da motarsa da matarsa, har yau ba a san jihar da yake ba.

"Wasan nan naku," in ji Abba, "na ji ana zuba kuɗi a kansa."

Tamimu ya ce ana zubawa, amma shi bai taɓa ba, kuma dokar aikinsa ma ta hana. Abba ya ce to, za a bincika.

Gaskiyar magana, Abba yana da wanda yake so. Mukhtari, ɗan amininsa na Kano, mai shago a Harlem inda jama'a ke aika kaya gida, su buga takardu, su gyara waya. Mai fara'a ne, mai sahun gaba a masallaci, ba ya zuwa gidan hannu biyu. Nuriyya ta daɗe da gaya masa cewa a matsayin yaya ta ɗauke shi, ya yi murmushi ya ce ba komai. Ko a watan Maris da firintar gida ta lalace ana gobe za ta miƙa takardun jarrabawa, shi ya taimake ta. Ya ce ta haɗa WhatsApp ɗinta da kwamfutar shagon don takardun su fito da sauri, ya buga mata, ya ƙi karɓar komai.

Wajen Afrilu ne ƙananan abubuwa suka fara faruwa.

Za ta fito daga ɗakin marasa lafiya, ta buɗe lokar da take kulle kayanta, ta ɗauko waya, ta tarar saƙon Tamimu a buɗe, an riga an saurara. Ta ce ko jaka ce ta danna. Wata rana ya tambaye ta me take ta rubutawa tana gogewa tun ƙarfe biyu, don ya ga alamar tana rubutu har sau uku. Ƙarfe biyu kuwa tana riƙe da hannun wata tsohuwa ana ɗibar jininta, wayar na kulle hawa biyu a ƙasa.

Ta yi dariya ta ce wayar ce ta tsufa. Amma a ranar, da ta koma gida, sai ta kife ta a kan tebur, ta kasa barin ta kusa da matashinta.

Watan Yuli ya zo da albishir biyu. An zaɓi Tamimu cikin masu ɗaura zare a cikin filin babbar gasar, abin da ya yi shekara bakwai yana nema. Ya sa hannu a takardar alkawari cewa duk abin da ya gani a ɗakin, na ciwon ɗan wasa ko na yadda yake so a ɗaura masa, ba zai fita daga bakinsa ba. Na biyu kuma, binciken Abba bai turo komai ba sai alheri, aka sa ranar da manyan Tamimu za su kawo kuɗin aure, Asabar ta uku a Agusta.

Saura kwana huɗu, tana dawowa daga aiki da la'asar a jirgin ƙasa mai harafin D, wasu samari biyu suka zauna kusa da ita suna Hausar Nijar. Ɗaya ya ce wa ɗayan Mai Gani ya saki na yau, ya danna waya.

Muryar Tamimu ta fito.

"Ɗan Chile ɗin nan ƙafarsa ta hagu ba ta sauka daidai. Gobe ba zai kai labari ba, ki rubuta ki ajiye..."

Nan aka datse. Ta san abin da ke biye, domin da safen nan ta saurare shi sau biyu a bakin titi tana murmushi. "Fitilata" ne aka yanke. Har ɗan numfashin da yakan ja kafin ya faɗi sunan yana nan, sai shiru.

Ta daure ta tambaye su ko wane ne wannan. Suka ce ba wanda ya san fuskarsa. Wani zaure ne a waya, ana biya a shiga, shi kuma yana faɗin wanda zai ci a tanis, mutane na zuba kuɗi. Ɗayan ya rage murya ya ce an ce yana da mutanen ɓoye, su ke gaya masa.

Ta isa gida ta tarar labari ya riga ta. Abba na zaune a falo da waya a hannu, Mukhtari a ƙasa kan kafet, kansa a sunkuye kamar mai ta'aziyya. Ya ce wani kwastoma ne ya kunna a shago, shi kuma ya gane muryar, ya kwana biyu yana tunani kafin ya ga bai kamata ya ɓoye ba.

Abba bai ɗaga murya ba. Ya kunna mata guda uku a jere, ya tambaye ta ko muryarsa ce. Ta ce tasa ce. Ta so ta ce nata ne, ita aka turo wa, amma ta ina suka fita in ba daga wajensa ba? Ita dai ta san ba ta tura wa kowa ba.

"Na rasa ƙani a wannan hanya," in ji Abba. "Ba zan ba da 'ya ba. A gaya wa mutanensa su dakata."

A ɗaki ta rubuta masa saƙo ɗaya.

"Na ji muryarka a inda ban zata ba. Abin da na ɗauka nawa ne ashe na kasuwa ne. Kada ka sake nemana."

Ta kasa toshe lambarsa. Ta dai tura hirarsu can cikin ma'ajiya inda ba za ta ƙara ganinta ba. Ya kira a ranar har sau tara, ba ta ɗauka ba. Washegari kiran ya tsaya cak, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Sati uku ta yi tana tafiya kamar wadda aka zare wa laka. Gasar ta fara, jirgin ya sake cika da masu hular rana. Duk lokacin da ya tsaya a tashar filin wasa sai ta rufe ido. Mukhtari ya riƙa zuwa kullum da 'ya'yan itace, yana tambayar lafiyarta da taushin murya. Umma na kallonsa, tana kallon 'yarta da ke ramewa.

Ranar Alhamis ta makon ƙarshe na gasar, ta fito daga asibiti da rana tsaka, ta gan shi tsaye a bakin ƙofa. Ya rame shi ma, yatsunsa duk filasta. Ta yi niyyar wucewa, amma abin da ya faɗa ya tsayar da ita.

"Na zo ne in ji daga bakinki. Abin da kika ce jiya, har zuciyarki ne?"

"Jiya?"

"Cewa in ban faɗa miki ba, ba na sonki."

Ta dube shi sosai. Ta ce sati uku ke nan ba ta rubuta masa ko harafi ɗaya ba.

Bai yi gardama ba. Ya buɗe wayarsa ya miƙa mata.

Hotonta ne a sama, lambarta ce. Ƙarƙashin saƙon rabuwar da ta tura, bayan kwana ɗaya, ga wani:

"Yi haƙuri Ɗan Kumasi, raina ne ya ɓaci, wata ce ta kawo min gulma. Abba ya ɗan ɗaga ranar ne kawai. Kar ka kira, yana sa min ido. Mu riƙa rubutu."

Ta ja ƙasa. Kullum akwai. Ina kwana, ka ci abinci, na yi mafarkinka. Da irin kalmominta, da yadda take haɗa Hausa da Turanci, har da 'yar alamar fitila da takan sa a ƙarshe. Wata Nuriyya ta yi sati uku tana hira da shi, tana masa dariya, tana tambayarsa wa zai ci gobe.

Da gasar ta fara, tambayoyin suka canza.

"Wa ya sa a sassauta masa zare yau? Wa ka ga yana ɗingishi a ciki? Ni kaɗai zan sani."

"Fitilata, wannan ba irin wasanmu ba ne. Na talabijin kowa na gani. Na cikin ɗaki amana ce, na sa hannu."

"Ko ni?"

"Ko ke. In na ci amanarsu yau saboda ke, gobe da wane ido za ki yarda da ni? Na ma daina hasashen gaba ɗaya sai an gama."

"To in ba ka faɗa min ba, ba ka sona."

"Ina sonki. Ba zan faɗa ba."

Ta ɗago tana hawaye, ta ba shi labarin jirgin D da Mai Gani. Bai taɓa jin sunan ba. Da ta kunna masa abin da Abba ya tura mata, ya ji muryarsa an yanke sunanta, sai ya jingina da bango ya rufe fuska. Can ya ce a hankali, dama wani abu na damunsa. Saƙonnin ba su da ƙara. Ya karanta su sau ɗari yana neman ta a ciki, ya ce wa kansa damuwa ce ta canza ta.

Ta ciro tata wayar, ta shiga ma'ajiya. Ba komai bayan saƙonta na ƙarshe. An share tas.

Umma na yanka alayyafo Nuriyya ta shigo ta zube a gabanta. Umma ta saurara har ƙarshe, ta karanta hotunan hirar da Tamimu ya turo ta wata hanya. Nuriyya ta ce tana tsoro, ko wani abu ne ya shiga tsakaninsu, ko ita ce ke tashi ta rubuta ba ta sani ba.

Umma ta wanke hannu, ta dafa kanta ta yi mata addu'a ta tofa. Sannan ta jawo kujera.

"Na yi miki ta tsari, yanzu sai mu yi ta hankali. Aljani me zai yi da dala? Wannan mutum ne, yana cin tuwo, kuma ya san mu. Tun daga farkon shekara, wa ya taɓa riƙe wayarki?"

Nuriyya ta ce ba kowa. Ta sake tunani. Sai ta tuna firinta, da watan Maris, da yadda wata mata ta shigo shagon da akwatuna ana ta hayaniya, ta kwashi takardunta ta fita da sauri ba ta cire komai ba.

Ta shiga inda waya ke nuna na'urorin da aka haɗa da ita. Kwamfuta ɗaya. An yi amfani da ita yau, ƙarfe sha biyu saura.

Yatsanta ya nufi wajen cirewa, Umma ta riƙe hannun.

"Bar shi. Kin san Abbanki. In muka kai masa labari, zai ce soyayya ce ke magana. Sai ya gani."

Ranar Asabar bayan azahar, ana gobe wasan ƙarshe na maza, Umma ta ce tana so a aika wa 'yar'uwarta kaya Kano, Abba ya raka su Harlem. A bakin shagon ta karɓi wayar Nuriyya, ta kashe ta a gabansa, ta sa masa a aljihun riga. Ta ce ya riƙe, kada ya tambaye ta dalili sai nan da minti goma. Shekara ashirin da shida da aure, ya san wannan muryar. Ya bi ta cikin shagon.

Mukhtari ya tarbe su da murna, ya kawo kujeru da lemo mai sanyi. Ana cikin auna kaya, kwamfutar da ke bayan kantar shagon ta yi 'yar ƙara, ƙil.

A tsallaken titi, gaban wani gidan abinci, Tamimu ne ya tura: "Fitilata, na gaji da faɗa. Na yarda. Akwai abin da na gani game da wasan gobe."

Mukhtari ya leƙa fuskar kwamfutar. Ya ce su yi masa afuwa, wani kwastoma ne daga Atlanta, ya zauna ya fara dannawa.

Ƙofa ta buɗe. Tamimu ya shigo, ya durƙusa ya gaida Abba, ya miƙa masa waya da hannu biyu.

Abba ya gyara tabarau. A saman fuskar wayar ga hoton 'yarsa, ƙarƙashinsa an rubuta tana rubutu. Ya juya ya dube ta. Tana tsaye kusa da shi, hannayenta biyu a buɗe, babu komai a ciki. Ya dafa aljihunsa.

Saƙon ya shigo yana kallo.

"Na san ba za ka ba ni kunya ba, Ɗan Kumasi. Turo min da murya, ina marmarin jin ka."

Da 'yar fitila a ƙarshe.

Abba ya tashi a hankali ya zagaya bayan kantar. Mukhtari ya kai hannu zai rufe, Abba ya ce, "Kar ka taɓa." Ya daɗe yana tsaye yana kallo. Hirar 'yarsa ce a buɗe, a gefe kuma ga zauren Mai Gani da ɗaruruwan mutane suna jiran na gobe.

Mukhtari ya fara magana, wai da farko kallo kawai yake, wai son ta ne ya ja shi. Abba ya ɗaga masa hannu.

"A gidana ka zauna, ka sunkuyar da kai, kana ba ni haƙuri. Ka san labarin ƙanina, shi ya sa ka san inda za ka taɓa." Ya ce kafin magariba ya rubuta wa mutanen zauren cewa muryar sata ce, ya rufe shi. Mahaifinsa kuma yau zai ji daga bakin Abba, ba daga bakin duniya ba.

Umma ta kunna wayar Nuriyya ta miƙa mata. "Yanzu cire."

A waje, kan bencin bakin titi, Abba ya zauna da wayar Tamimu ya karanta hirar sati ukun nan daga farko. Da ya zo wajen "Ko ke" sai ya tsaya, ya sake karantawa, ya cire tabarau ya goge.

Amma bai sake shi haka ba. Ya ce wasan canke-canken da suka ɗauka abin dariya, shi ne ƙofar da ɓarawo ya shigo ta ciki, kuma akwai gidajen da aka yi kuka saboda wannan murya, ko da mai ita bai sani ba. Tamimu ya ce gaskiya ne, Baba, ya yi wauta, yana jin daɗin a ce ya canka. Ya ce daga yau kunnensa na aiki ne kawai.

"Ka gaya wa kawunka ya zo Asabar mai zuwa," in ji Abba. Ya miƙe, ya ƙara da cewa, "Ka kuma sa magani a yatsun nan."

An ɗaura aure a watan Oktoba bayan sallar Juma'a, a masallacin unguwarsu. Kanawa da 'yan Zango da 'yan Nijar suka cika zauren biki, ga waina ga wake da shinkafa irin ta Kumasi, ana ta musun wanda ya fi iya Hausa. Da za a tafi da amarya Jamaica, Umma ta riƙe hannayensu biyu ta yi musu nasiha gajeriya. Ta ce duk maganar da ta kai a yi fushi ko a yi kuka, kada a yi ta a rubuce. A zo a zauna, a kalli juna.

Washegari da hantsi, suna zaune a ɗan falonsu da ko labule ba a gama sawa ba, wayarsa ta yi motsi a kan tebur. Ya duba.

"Ina sonka, Ɗan Kumasi."

Ta ga yadda kafaɗarsa ta ɗan ƙage kafin ya ɗago. Tana gefensa, ta ɗaga wayarta tana nuna masa, tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce ita ce, wallahi ita ce.

Ya karɓi wayoyin biyu ya kife su. Ya lumshe ido, ya karkata kai gefe guda, kamar ranar jirgi.

"Faɗa da baki."

Ta matso kusa da kunnensa ta faɗa.

Ya saurara har sai da sautin ya gama sauka.

"Ke ce, Fitilata," ya ce.

Allah Ya sanya albarka a wannan gida, Ya tsare shi daga idon da ke leƙe da hannun da ke rubutu a ɓoye, Ya ba su zuriya masu riƙon amana. Amin.